Ina Za Mu Kai Tsohuwar Kujera Bayan Mun Gyara Ta?



Maganar da aka ba mu a yau ƙarama ce a ido, amma ta taɓa aljihun kowa a cikin ɗakin nan. Tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin katako da soso da yadi da fenti suka yi tashin gwauron zabo. Mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2024 naira 70,000 ne. Wanda ke ɗaukar wannan, ko ma ninkinsa, ba zai shiga kanti ya fito da sabbin kujeru ba. Don haka da yawa daga cikinmu suka koma ga tsofaffin kaya, har wasu suka mai da gyaransu sana'a. Gyaran kuwa ba shi ne mai wuya ba, gama kafinta da mai kushin suna nan a kowace unguwa. Abin da ke kayar da mutum shi ne rashin sanin inda zai kai kayan bayan an gama.

Wuri na farko da zuciya kan kai mu shi ne kasuwa. Kasuwar Panteka a Kaduna ta shahara wajen ta da tsofaffin kaya su koma sababbi, haka Kasuwar Katako a Yamai. A Kano akwai rumfunan kafintoci a kewayen 'Yan Katako ta Na'ibawa. Amfanin irin waɗannan wurare shi ne kuɗi hannu a rana ɗaya. Sai dai mu tuna, ɗan kasuwa ba don ya zauna a kan kujerar yake saye ba, don ya sayar ne, saboda haka dole tayinsa ya bar masa riba. Ga kuɗin akori-kura, ga ladan 'yan dako. Daɗin daɗawa, ya san wanda ya sauke gado a bakin rumfarsa ba ya son sake ɗora shi a mota. Shawararmu ita ce a kai masa hoto tukuna, a ji tayi, a kuma yanke tun da wuri ko la'ada ciki ce ko waje.

Wuri na biyu, wanda muka fi rainawa alhali ya fi riba, shi ne maƙwabta. Mai saye na gaskiya yana kusa da mu: ɗalibin da ya kama ɗaki a Samaru, da ɗan bautar ƙasa da aka turo garin da bai san kowa ba, da malamin makarantar da aka yi wa canjin wurin aiki. Waɗannan tebur da kujera da kanta suke nema, su kuwa za su biya kuɗin amfani, ba kuɗin sari ba. Takarda a allon sanarwa na tsangaya ko ta ofis takan wadatar. A nan lokaci shi ne kome. In an gama jarrabawar ƙarshe kowa yana neman rabuwa da kayansa, farashi ya faɗi warwas. Lokacin saye ke nan. A gyara a cikin hutu, a fito da su sa'ad da sababbin ɗalibai suka iso.

Na uku, kada mu manta da dillaliya. Ita ke shiga gidajen da namiji ba ya shiga, ita ta san uwar gidan da ke son canza sif, da uwar da ke haɗa wa ɗiyarta ɗaki alhali hannu bai kai ba. Aure kan yawaita gabanin azumi da kuma bayan kaka. Amma fa iyayen amarya suna jin kunyar a ce sun kai ta da gwanjo, don haka wannan hanya sai ga kayan da gyaransu ya fita sarai, da kuma mai sayarwa da ya iya kama bakinsa.

Na huɗu shi ne wayar da ke hannunmu. Jiji da Facebook da zaurukan WhatsApp suna kai hoton kujera gaban dubban mutane ba tare da ta bar zaure ba. A ɗauki hoto da rana, a rubuta tsawo da faɗi da unguwa da farashi. Lalle ne kuma kada kaya su fita sai an ga kuɗi sun zauna a asusu, domin saƙon banki na ƙarya ya sa mutane da yawa kuka.

Ko ta wace hanya muka bi, kayan ne ke sayar da kansu. Tsohon gadon maɗaci ya fi sabon da aka haɗa da allon garin katako, wanda ruwa kaɗan kan kumbura shi. Mu nuna wa mai saye wannan, gama da tsohuwar zuma ake magani. In kuwa gara ta taɓa ƙafar tebur, mu faɗa masa, mu rage kuɗi. Shafe ɓarna da fenti algus ne, kuma a ƙaramin gari kamar jami'a mai algus ba ya ciniki sau biyu.

To, kafin ku sayi ƙusa ko ɗaya, ku fara sanin wanda zai zauna a kan kujerar, da watan da zai neme ta. Ku lissafa kuɗin saye da na gyara da na mota a takarda, sa'an nan ku san tayin da za ku ce wa albarka da wanda za ku sallama.

 Allah Ya sa wa nemanmu albarka.