Jikin Matafiyi Shi Ne Jarinsa

Jama'a masu sauraro, musamman 'yan'uwa waɗanda neman abinci ya kai su Ikko da Badun da Fatakwal da Anacha, wannan jawabi a kan kiwon lafiya ne, kuma zai ɗauko misalinsa daga unguwar GRA ta Maiduguri.

Turawan mulki ne suka kafa Maiduguri ta yanzu cikin shekarar 1907, kuma kamar yadda suka yi a sauran manyan garuruwa, sai suka keɓe wa kansu unguwa. Ƙa'idarsu a lokacin ita ce a bar filin yadi 440 babu gini tsakanin gidajensu da na 'yan ƙasa, wai don gudun zazzaɓin cizon sauro. Lalle wannan wariya ce, amma akwai abin lura a cikin tsarin. Sun buɗe tituna masu faɗi, aka jera musu darbejiya, wadda aka fara shukawa a lardin Barno cikin 1928, sa'an nan suka ware lokacin wasa da na hutu, domin sun san zafin watan Afrilu, wanda kan wuce digiri 40, ba ya raga wa mai sakaci da jikinsa.

Yau manyan ma'aikata da attajirai ne suka gaji unguwar. Inuwa tana nan, amma da yawa sun koma daga mota sai kujera, har teɓa da ciwon suga da hawan jini suka same su. Ɗan dako a kasuwar Mile 12 ta Ikko yana iya cewa wannan ciwon masu kuɗi ne. To, ba haka ba ne. Hausawa na cewa jiki magayi, amma hawan jini ba ya faɗa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa babba ɗaya cikin uku a duniya yana da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Ranar nan kuwa cinikin ya tsaya, kuɗin da iyali ke jira a gida ma ya yanke.

Na farko shi ne motsa jiki. Hukumar ta ce babba yana bukatar aƙalla minti 150 a mako, watau tafiyar sauri ta minti 30 sau biyar. Ɗan dako da mai turin kura sun wuce wannan, amma ɗan canji da mai tireda da direba wuni suke yi a zaune. Wannan tafiya ba ta bukatar titin GRA. A fita da sanyin safiya a zaga unguwa har numfashi ya ɗan ɗaga, ya wadatar.

Na biyu, abinci. Abin mamaki ne a ga mutumin da ke sauke wa Kudu tumatir da albasa da wake, shi kuwa ya wuni a kan burodi da lemon kwalba. Ƙaramar kwalba ɗaya tana ɗauke da kimanin ƙaramin cokali 9 na sukari, alhali kuwa iyakar da aka shata wa babba a yini ba ta wuce 12 ba, ga kuma na shayi. Gishiri kuma kada ya kai giram 5 a yini, watau ƙaramin cokali ɗaya, kuma a sani cewa ɗunkulen miya kusan rabinsa gishiri ne. Cimar gida, irin su gero da dawa da wake da zogale da kuka da bandar kifin Baga, duk ana samunsu a Sabo ta Badun da Agege. Masu kwana ɗaki ɗaya su haɗa tukunya, su rage ɗunkule, su ƙara daddawa. Ya fi araha, ya kuma fi amfani.

Na uku, barci. Babba yana bukatar aƙalla awa 7. Mai gadin da ya kwana ido biyu, gari na wayewa ya hau babur, bashi yake ci a jikinsa. Haka direban da ke son cinye hanyar Maiduguri zuwa Ikko, fiye da kilomita 1,500, da ƙarfin goro da ƙwaya. Tiramadol yana ɓoye gajiya ne kawai, ba ya kawar da ita, kuma yana kama mutum har ya kai ga farfaɗiya. Saboda irin wannan ɓarna ce Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin cikin 2018.

Na huɗu, kwanciyar rai. Kuɗin haya da kewar gida da saƙon dangi suna hana barci, suna kuma tayar da jini. Mutum ya sami amini da zai faɗa wa damuwarsa, ya riƙa jin muryar iyalinsa, ya ware wuni ɗaya a mako don hutu, kada kuma ya yi alkawarin aiken da ya fi ƙarfinsa.

Daga ƙarshe, kowane babba ya auna jininsa aƙalla sau ɗaya a shekara. In awo ya kai 140 bisa 90, aka sake kuma bai sauka ba, sai a ga likita, in an ba da magani kada a daina don an ji sauƙi. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa za su kyauta in suka riƙa gayyato ma'aikatan lafiya su yi wa jama'a awo a zango. Allah ya ba da lafiya, ya mai da kowa gida da ƙafarsa.