Rumbun Ajiya na Waje: Jawabi a Taron Reshe

 

Bara kwamfutar makarantarmu ta cika maƙil, har ta ƙi karɓar sakamakon jarrabawar zango na uku. Muka yi karo-karo muka sayi rumbun ajiya na waje mai terabait 1, wato gigabait 1,000. Girmansa bai wuce tafin hannu ba, kuma daga jikin kwamfutar yake jan wuta ta wayar USB.

Ga inda muka yi kuskure: mun kwashe sakamakon ɗalibai na shekara shida muka zuba a ciki, sannan muka goge na kwamfutar. A cikin irin wannan rumbu akwai faifai mai juyawa da sauri, ba ya jure girgiza. Ran nan ya faɗo daga kan tebur yana cikin aiki, bai sake buɗewa ba. Da wata tsohuwar ɗalibarmu ta zo neman takardar shaida, kwana uku muka yi muna tonon rajistar da gara ta ci.

Saboda haka, hotuna da bidiyon bukukuwa su koma rumbun, domin su ne ke cinye wuri. Sakamakon ɗalibai da takardun ƙarin girma kuwa, a ajiye su a wuri biyu. Kada a zare wayar sai kwamfuta ta ba da izini. Da-na-sani ƙeya ce.

Allah ya tsare mana amanar yaran nan. Wassalam.