Salansar bindiga da takardar izini: darasin dokar Amurka ta 1934



Ran 1 ga watan Janairu na shekara ta 2026 wani haraji ya faɗi a ƙasar Amurka, bayan ya shekara 91 yana tsaye ba a taɓa ƙara masa ko rage masa kwabo ba. Harajin nan na dala 200 ne, dalar Amurka, wato sama da jika 100 na sefa, wanda farar hula ke biya kafin a mallaka masa salansar bindiga. Mai sauraro a Maraɗi ko Damagaram na iya cewa ina ruwan biri da gada. To, amma tambayar da ke ƙarƙashin wannan haraji ita ce wadda ake yi yau a tasha da kasuwa da ofis: wa ya cancanci riƙe makami, wa ke ba shi izini, kuma da wane sharaɗi?

Salansa dai wani bututu ne na ƙarfe da ake ɗaurawa a bakin bindiga. A cikinsa akwai ƙananan ɗakuna a jere, waɗanda ke tare iskar da albarushi ya haifar, su rage mata gudu da zafi kafin ta fita. Wanda ya fara sayar da ita shi ne Hiram Percy Maxim, ɗan mutumin nan da ya ƙera bindiga mai sarrafa kanta da Turawan mulkin mallaka suka ci ƙasashen Afirka da ita. Ya sami takardar mallakar fasaharsa a shekara ta 1909, kuma aikinta ɗaya ne da na salansar mota da babur.

Masu kallon silima sun ɗauka bindiga mai salansa ba ta ƙara sai ɗan huci. Ma'aunin ƙara, wanda ake kira desibel, ya nuna ba haka ba ne. Maganar mutum tana kusan desibel 60. Harbin bindiga yana kai wa tsakanin 140 da 170, alhali kuwa daga 140 ƙara guda ɗaya tak na iya lahanta kunne har abada. Salansa tana rage tsakanin 20 da 35, saboda haka babbar bindiga mai salansa tana nan da ƙara mai firgitarwa. Bugu da ƙari, harsashin da ya fi sauti gudu yana da tasa ƙarar a cikin iska, wadda salansa ba ta iya hanawa. Abin da take yi shi ne kare kunnen mai harbi, da rage walƙiyar bakin bindiga, da kuma wahalar da mai son gane inda harbi ya fito. Masu goyon bayanta suna kafa hujja da na farko, masu tsoronta kuwa da na ƙarshe.

Dokar da ta ɗaure ta ta samo asali ne daga zamanin da Amurka ta haramta giya, tsakanin 1920 da 1933. Haramcin ya azurta gungun masu fasa-ƙwabri, suka sayi manyan bindigogi, suka dinga kashe juna a kan titi. Ran 14 ga watan Fabrairu na 1929 aka jera mutum 7 a jikin bango a birnin Shikago aka harbe, kisan da aka danganta da yaran Al Capone. Daga baya ministan shari'a, Homer Cummings, ya so a hana irin waɗannan makamai, amma ya san gyara na 2 na kundin tsarin mulkin ƙasar, wanda aka amince da shi tun 1791, ya ba jama'a haƙƙin riƙe makami, kuma ikon gwamnatin tarayya a kan irin wannan al'amari taƙaitacce ne. Sai ya bi ta ƙofar da ba a iya rufe masa, wato ikon majalisa na aza haraji. Ran 26 ga watan Yuni na 1934 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a Dokar Bindigogi ta Ƙasa, wadda ta aza dala 200 a kan bindiga mai sarrafa kanta, da bindigar da aka gajarta wa baki, da salansa, ta kuma wajabta rubuta kowace ɗaya a kundin gwamnati. An so a haɗa da ƙananan bindigogin hannu, amma aka cire su kafin dokar ta wuce.

A lokacin ana sayar da salansa ƴan daloli kaɗan, dala 200 kuwa kimanin sulusin kuɗin sabuwar motar Ford ne, kuma a darajar yau ta haura dala dubu 4. Ke nan haramci ne aka sa wa rigar haraji: attajiri ya iya biya, manomi da leburan masana'anta suka haƙura. A shekara ta 1937 Kotun Ƙoli, a shari'ar Sonzinsky, ta tabbatar da dokar bisa hujjar cewa haraji ne, rajistar kuwa hanya ce ta karɓarsa. A riƙe wannan hujja, domin ita ce tushen rigimar da ta taso daga baya.

Sai dai ƴan majalisar sun rubuta adadin kuɗin a cikin doka ba su ɗaure shi da tsadar rayuwa ba. Shekaru suka yi ta cin darajarsa har ya zama abin da ma'aikaci ke iya biya daga albashin mako guda. Alƙalumman hukumar ATF, mai kula da bindigogi, sun nuna salansa kusan dubu 285 ke da rajista a wajen 2011, amma a 2021 sun haura miliyan 2 da rabi. Abin da ya rage na shinge shi ne takarda: mai saye yana cika fom, ya ba da hoto da zanen yatsu, a binciki tarihinsa, sa'an nan ya jira amincewa. Jiran kan kai kusan shekara, kafin aiki da kwamfuta ya mayar da shi ƴan kwanaki a 2024. Hukuncin kuwa mai nauyi ne: wanda aka kama da salansa marar rajista na iya shan shekara 10 a gidan kaso, wanda ya yi ta'asa da bindiga mai salansa kuma dokar tarayya ta yanka masa shekara 30 mafi ƙaranci. Ban da wannan, kowace jiha tana da nata iko. Jihohi 42 sun yarda farar hula su mallake ta, 8 sun hana, cikinsu har da Kalifoniya da New York da Illinois, haka ma babban birnin Washington.

Masu son a sassauta suna cewa salansa kayan kiwon lafiya ce, kuma ba safai ake aikata laifi da ita ba. A watan Janairu na 2017 wani babban jami'in ATF, Ronald Turk, ya rubuta takarda yana tabbatar da ƙarancin laifukan, yana ba da shawarar a sake duba dokar. An gabatar da ƙudurin cire salansa daga dokar 1934 a 2015 da 2017, amma harbin Las Vegas na 1 ga Oktoba 2017, inda aƙalla mutum 58 suka mutu, ya sa majalisa ta ajiye maganar, ko da yake maharin bai yi amfani da salansa ba. Masu adawa kuwa sun sami hujjarsu ran 31 ga watan Mayu na 2019, lokacin da wani ma'aikaci ya kashe mutum 12 a ofishin hukumar birnin Virginia Beach da bindiga mai salansa da ya saya bisa ƙa'ida. Suna ƙarawa da cewa ƙarancin laifi da salansa amfanin rajistar ne, domin wanda ya ba gwamnati sunansa da zanen yatsunsa ba ya saurin shiga ɓarna.

A 2025 masu sassauci suka sake gwadawa ta cikin babbar dokar haraji da kasafi. Majalisar Wakilai ta amince a cire salansa daga rajista ɗungurungum, amma mai kula da ƙa'idojin Majalisar Dattawa ta ce dokar kuɗi ba ta iya ɗaukar wannan. Aka tsaya a tsakiya: Shugaba Donald Trump ya sa hannu ran 4 ga watan Yuli na 2025, harajin ya koma sifiri, rajista da bincike suka tsaya yadda suke. Ba a jima ba ƙungiyoyin masu bindiga, har da NRA, suka kai ƙara kotu a shekarar, suna cewa tunda Kotun Ƙoli ta halatta rajistar ne domin karɓar haraji, to harajin da babu shi ba ya iya riƙe ta. Dabarar da Cummings ya yi don tsallake tsarin mulki ita ce ta zama sandar da ake dukan dokarsa da ita.

Ƙasashen Turai sun bi wata hanya dabam, suka sa nauyin a kan bindigar da mai riƙe ta. A Ingila, bisa dokar 1968, babu mai mallakar babbar bindiga sai da takarda daga ƴan sanda, bayan ya nuna ƙwaƙƙwaran dalili, ya kawo mutum 2 da za su shaide shi, ya tanadi akwatin ƙarfe na ajiya, kuma ana sabunta takardar duk shekara 5. Bayan kisan yara 16 da malamarsu a makarantar Dunblane a 1996, an haramta ƙananan bindigogin hannu a 1997. Duk da wannan tsanani, maharba da yawa a can suna amfani da salansa, har a 2025 gwamnati ta bayyana niyyar rage mata sharuɗɗa. Faransa, wadda ta kasa makamai rukuni 4 tun 2013, ta halatta farauta da salansa a watan Janairu na 2018. A Norwe da Finlan abu ne da aka saba gani a hannun maharba. Kanada kuwa ta haramta ta ga farar hula. Abin lura shi ne, ƙasar da ta tantance mai bindiga tun daga ƙofa ba ta cika damuwa da abin da ya ɗaura mata a baki ba.

A wannan yanki na Afirka ta Yamma salansa ba ita ce damuwar ɗan kasuwa ba. Damuwarsa Kalashnikob ce a hannun ɗan fashi, a kan hanyoyin Madarumfa da Gidan Rumji, da makaman da suka kwararo bayan faɗuwar gwamnatin Libiya a 2011. Amma maganar izini ɗaya ce. Nijar ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, tun 1994, ta kuma ƙone bindigogin tsofaffin ƴan tawaye a Agadas ran 25 ga watan Satumba na 2000. Ƙungiyar CEDEAO ta dakatar da shigo da ƙananan makamai a 1998, sa'an nan ta ƙulla yarjejeniya a Abuja a 2006, wadda ta hana farar hula makaman yaƙi, ta kuma shimfiɗa sharuɗɗan lasisi: cikar shekaru, rashin tarihin laifi, halattaccen dalili, horo, da amintaccen wurin ajiya. Nijar ta fita daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025, saboda haka nauyin tsare waɗannan sharuɗɗa ya koma kacokan kan dokar cikin gida. A makwabciya Nijeriya, inda dokar 1959 ta raba ikon ba da lasisi tsakanin shugaban ƙasa da shugabannin ƴan sanda, gwamnan Zamfara Bello Matawalle ya kira jama'arsa a watan Yuni na 2022 su nemi bindiga su kare kansu, hukumomin tsaro na tarayya suka ƙi amincewa. Ƴan fashin dai ba su nemi lasisin kowa ba.

Ga ɗan kasuwa, tarihin dala 200 yana nuna cewa shingen kuɗi yana tace talaka ne kawai. Bai hana gungun Shikago masu dukiya ba, kuma da darajarsa ta zube sai ya zama wasa. Lasisin da ake samu da kuɗi ko da sanayya irin wannan shinge ne: mai hali ya samu ko da ba shi da hankali, mai hankali ya rasa don ba shi da hali, ya koma ga masu sayarwa a ɓoye.

Ga ma'aikacin gwamnati, abin da ya ɗore a Amurka shekara 91 shi ne kundin rajista da binciken mai nema. Kundi ba ya aiki sai da magatakarda mai rubuta lambar kowace bindiga, da jandarma mai binciken gaskiya, da ofis mai ba da amsa a kan lokaci, na'am ko a'a, tare da dalili a rubuce. Ranar da aka sa hannu a takardar izini don alfarmar wani babba, kundin ya zama jerin sunayen ƴan lele.

Ga masu rubuta doka kuma, ya kamata doka ta faɗi manufarta a fili. In kare rayuka ake nufi, a rubuta haka, a fayyace makamin da aka hana, da wanda aka yarda da shi, da abin da ake ɗaura masa, da hukumar da ke ba da izini, da kotun da wanda aka hana zai kai kukansa. Majalisar Amurka ta ɓoye haramci a cikin haraji, ga shi lauyoyi suna neman rushe rajistar ta wannan kafa.

Talaka ba ya neman bindiga sai ya ga hanyar kasuwa ta gagare shi. Gwamnatin da ke son farar hula su bi layin lasisi, wajibi ne ta tsare musu hanya da gona da garke, ta kuma karɓe makamin da ke hannun wanda bai taɓa neman izini ba.