Shugaba Ba Ma'asumi Ba Ne

Ya ku ƴan'uwa Musulmi na Matameye da kewaye, mu tuna da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Jihadin 1804 bai yi nisa ba ya ga jama'a sun karkata ga sarauta da dukiya, ya bar su da niyyar tafiya Makka. Kanawa suka roƙe shi ya zauna, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, domin shugaba ya san iyakarsa. In haka ta auku Shehu na raye, ina ga zamaninmu? Duk mai mulkin da ya ce saɓa masa saɓa wa Allah ne, mu auna maganarsa da ilimi da hankali. Wahayi ya yanke. Shugaba yana kuskure, gyara masa nasiha ce. Allah Ya karɓi azuminmu, amin.