Jawabin Ƙaddamar da Asusun Matasan Tambuwal da Kebbe Domin Adana Kayan Tarihi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanar da ɗan Adam ta hanyar alƙalami, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Amma ba'adu: masu girma iyayen ƙasa, malamanmu masu daraja, iyayenmu mata, da ku samari da 'yan mata na Tambuwal da Kebbe waɗanda dominku aka yi wannan zama.

Duk wanda ya taɓa shiga zauren wani tsohon malami a Jabo ko Dogon Daji ko Kuchi, aka kwance masa gafaka, ya ga takardun da kakanni suka rubuta da tawadar da suka dafa da hannunsu, sa'an nan ya lura da yadda gara ta ci gefensu, damshin damina kuma ya shafe wasu layuka, haƙiƙa ya san cewa abin da ya tara mu yau ya fi kusa da wajibi bisa ga mustahabbi. Haka al'amarin yake ga takubba da sulke da masaƙa da tsofaffin kayan ƙira, waɗanda ake sayar wa dillalai da 'yan kuɗi ƙalilan, saboda magada ba su san ƙimarsu ba.

Ba mu rasa abin koyi a kusa da mu ba. A Argungu, tsohuwar fadar sarakunan Kabi ta zama Gidan Tarihin Kanta tun 1958. A Sakkwato kuwa, an kafa Hukumar Tarihi a 1973, wadda a yau take ɗauke da sunan Waziri Junaidu, malamin da ya ƙarar da rayuwarsa wajen tattara rubuce-rubucen Daular Usmaniyya har Allah Ya karɓi ransa a 1997. Shin ya dace Tambuwal, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna, ya tsare wannan sashe na daula daga cikinsa, ya kasance ba shi da ɗaki ko guda da yaro zai shiga ya ga gadon kakanninsa?

La'alla wani zai ce, me ya sa aka nufi matasa, alhali dukiya tana hannun manya? Amsa ita ce, attajiri yakan ba da kyauta mai tsoka rana ɗaya a gaban jama'a, a yi masa addu'a a watse, amma gidan tarihi, kamar rijiya, kullum yana bukatar yasa, kuma ba mai iya wannan sai wanda yake da sauran shekaru a gaba. Ku tuna cewa Muhammadu Bello bai wuce shekara 23 ba lokacin da aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, kuma a 1812, yana ɗan shekara 31, ya rubuta tarihin ƙasashen nan ya sa masa suna Infaƙul Maisuri, wato ciyar da abin da ya sawwaƙa. Wannan suna shi ne ƙa'idar asusunmu: kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa gare shi. Idan matasa 1,000 suka ɗauki alkawarin naira 500 kowane wata, kamar yadda ake zubin adashi, to a shekara an tara naira miliyan 6, ba tare da an matsa wa kowa ba. Da ma da yayyafi kogi kan cika.

Kuma infaƙi bai tsaya ga kuɗi ba. Wanda yake da wayar hannu, ya nemi izinin masu littafi ya ɗauki hoton kowane shafi. Wadda take da kaka mai tuna karatun 'Yan Taru na Nana Asma'u, ta zauna gabanta da ladabi ta naɗi muryarta tun tana raye. Kafinta ya yi kanta, magini ya kawo hannunsa, kamar yadda iyayenmu suke aikin gayya a gona.

Yanzu sai in juyo gare ku, dattawan kwamitin wannan asusu, da dukkan girmamawa. Matashin wannan zamani ba ya rowa, amma yana tambaya, kuma tambayarsa hakki ce. In kuna son ya dawwama a kan bayarwa, sai ku riƙe amana a fili: a kafe hisabin shiga da fita a ƙofa kowane wata, a aika wa kowane mai zubi ta wayarsa, a ba samari da 'yan mata kujeru a majalisar shawara, a kuma rubuta sunan gidan da kowane abu ya fito, domin wanda ya ba da aro ya natsu cewa kayansa ba su ɓace ba.

Ya ku 'ya'yana, shari'armu ta san wannan aiki da sunan waƙafi tun ranar da Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar ta ga al'umma, kuma hadisi ya tabbatar da cewa sadaka mai gudana da ilmi mai amfani suna bin mutum bayan mutuwarsa. Wanda ya ceci takarda ɗaya daga bakin gara, da niyya ta gari, muna fatan ya haɗa biyun.

Bisa ga haka, da sunan Allah, na ƙaddamar da wannan asusu. Littafin rajista yana nan a bakin ƙofa. Kada ɗayanku ya fita bai rubuta sunansa ba. Allah Ya sa albarka, Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu.