Rajistar da Gara Ta Fara Ci



Makarantar da nake koyarwa a ƙasar Ajingi ƙarama ce, ajujuwa shida da bishiyar darbejiya guda. An buɗe ta a 1976, shekarar da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. A lokacin kuwa ilimin boko ya shekara sittin da bakwai a Kano, tun makarantar da Ɗan Hausa ya kafa a Nasarawa a 1909. Tsawon wannan zamani boko bai iso ƙauyenmu ba. Da ya iso ma, ba da shewa aka karɓe shi ba.

Dattawan garin sun shaida mini cewa da aka ce mai unguwa ya kawo yara, wasu iyaye a rumbu suka ɓoye 'ya'yansu, wasu suka tura su gabas karatun allo. Waɗanda aka samu aka rubuta galibi marayu ne da 'ya'yan marasa galihu. Su ne sunayen shafin farko na rajistarmu. A cikinsu aka samu malamin asibitin da ya fara duba mutanen garin, da hedimastan da ya riƙe makarantar daga baya. Ni kaina a hannun ɗaya daga cikinsu na koyi baƙi da wasali.

Abin da ya sa na tsaya a gabanku shi ne, a daminar bara wani dattijo ya zo neman shaidar cewa ya gama firamare a wurinmu, domin takardun fanshonsa sun maƙale. Muka buɗe kabad, sai muka tarar ɗigar rufi ta jiƙa rajistar, gara kuma ta cinye rabin shafin da sunansa yake. Ya daɗe yana kallon takardar bai ce uffan ba. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba a aikin nan.

Tun daga UBE ta 1999 an yi mana fenti, an sauya allon suna, an kawo benci. Madalla. Amma ban taɓa ganin mai duba makarantu ya tambayi tsohuwar rajista ko littafin da hedimasta ke rubuta abubuwan yau da kullum ba, mu ma ba mu damu ba.

Roƙona ga reshe shi ne kowane hedimasta, daga Toranke har Gafasa, ya fito da tsofaffin littattafansa kafin ruwa ya sauka, a ɗauki hoton kowane shafi da waya, a ajiye kwafi a ofishin ƙungiya. A kuma zauna da ɗaliban farko da suka rage a rubuta abin da suka tuna. A garinmu saura mutum huɗu, ɗaya ma yana kwance.