Zaman Karkara: Daɗinsa Da Wahalarsa

Jawabin da aka yi wa ɗaliban yaƙi da jahilci na Gwarzo da Kabo

 

Jiya wani saurayi ya tambaye ni, wai me ke cikin ƙauye in ba shiru ba? Na ce masa shirun nan ma arziki ne. Duk wanda ya taɓa kwana a Fagge cikin hayaƙi da ƙarar inji ya sani. A nan geronka na rumbu, ba ka biyan haya, in ciwo ya kayar da kai a yi maka gayya.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Naƙuda ta kama mace da tsakar dare a damina, hanya ta yanke, kafin a kai ta asibitin Gwarzo an sha wuya. In aka ce sai Kano, kusan kilomita 70 ke nan. Kuma tun hare-haren 'yan bindiga na 2025 a Shanono da Tsanyawa, mutanen bakin iyakar Katsina ba sa barci kamar da.

Ni dai abin da ya fi damuna shi ne rani. Ana gama girbi sai samari su tafi ci-rani, a bar tsofaffi da mata. Alhali ga madatsar Guzu-Guzu a Kabo, ga ta Challawa a Ƙaraye tun 1992. Tumatir da albasa ba sa rasa mai saye. Injin ban-ruwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, amma mutum biyar za su iya. Mai so ya tsaya bayan darasi, kowa ya rubuta sunansa da hannunsa.